Matakan Rage Damuwa a Makon Jarrabawa

Ɗalibai da dama daga ƙauyukanmu, masu karatu a Gumel, Dutse da Kafin Hausa, sun sha tambayata yadda za su kwantar da hankali idan jarrabawa ta matso. Ga abin da nake ba su shawara.

1. Ka rubuta dukkan darussanka a takarda guda, mafi wuya a sama.

2. Ka ware wa darasi mafi wuya lokacin bayan sallar Asuba, kafin zafin rana da hayaniyar ɗakin kwana su taso.

3. Ka tashi ka miƙe ƙafa bayan kowace sa'a ta karatu.

4. Ka karya kumallo kafin ka fita, ko da koko da ƙosai ne.

5. Ka yi barcin aƙalla sa'o'i 7. Hattara: a nan yawancin ɗalibai suke tafka kuskure, domin sukan kwana suna cin goro ko shan kofi, wasu har da tiramadol, gari ya waye kai ya yi nauyi, abin da aka karanta ya gudu. Kada ka karɓi ƙwaya daga hannun aboki.

6. Ka sanar da iyayenka ranakun jarrabawarka tun da wuri, musamman idan ta faɗo lokacin girbi, don kada kiran gona ya raba maka hankali.

7. Idan gabanka ya faɗi a zauren jarrabawa, ka ja numfashi a hankali sau biyar kafin ka ɗauki biro.

8. Idan rashin barci ko ƙuncin zuciya ya wuce mako 2, ka je asibitin makaranta ka ga likita.