Idan likita bai ga komai ba, jiki kuwa na ciwo

A aikina na jinya a nan Maradi na sha ganin mata da leda cike da takardu. An yi awon jini, an ɗauki hoto, wata har Katsina ko Kano ta kai, ko'ina ana ce mata lafiyarta lau. Alhali ƙirji na bugawa, kai na sarawa, ciki na zafi. 'Yar'uwa, ciwon nan gaskiya ne, ba raki ba ne. Damuwa kan sa jiki ya saki sinadarin adirenalin, zuciya ta ƙara sauri, naman wuya da kafaɗa ya ɗaure, ciki ya rikice.

Fara da lura. Duk ranar da ya taso, ki tuna abin da ya faru kafin nan. Zancen kuɗin haya ne? Maigida ya tafi ci-rani, shiru ba waya? Wata magana ce kika haɗiye? Mu an raine mu da "yi haƙuri", kuma haƙuri abu ne mai kyau, amma abin da baki ya ƙi faɗa jiki kan faɗe shi. Ki samu mutum ɗaya mai riƙon amana, yayarki ko ƙawa, ki amayar mata da shi.

In ya taso kuwa, ki zauna, ki ɗora hannu a ciki. Shaƙi iska ta hanci kina ƙirga 4, ki sake ta a hankali kina ƙirga 6, har minti 5. Haki ne ke kawo jiri da tsikarin yatsu, shi ya sa wannan ke aiki. Mai tasbihi ta haɗa da shi.

Kada ki kwanta jiran sauƙi. Taka da ƙafa bayan Asuba kafin rana ta yi zafi, ki rage shayi da dare.

Maganin 'yan talla shi ya fi damuna. Farasitamol kullum yana iya zama shi ke riƙe ciwon kan, dikilofenak na cin ciki, taramol kuma kama mutum yake. Ki tsaya wa likita ɗaya da ya san tarihinki, ki gaya masa damuwar yadda kike gaya masa ciwon.

Amma in kin ga rama, zazzaɓi, jini a bayan gida, tarin da ya wuce sati 2 ko mutuwar ɓarin jiki, koma asibiti a ranar.