Darasi na 9: Idan Sauti Ya Ɗauke a Kwamfuta Mai Ubuntu

Manufar wannan darasi ita ce ɗalibi ya iya gano inda sauti ya maƙale a kwamfutarsa, ya gyara abin da zai iya da hannunsa, ya kuma san lokacin da ya kamata ya kai wa mai gyara. Ana bukatar kwamfuta mai Ubuntu ko ƙanwarta Linux Mint, da abin jin sauti na kunne, da biro da littafi.

Da yawa daga cikinmu kwamfutar hannu muka saya wadda wani ya riga ya yi amfani da ita. Tun da kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, masu irin waɗannan tsofaffin kwamfutoci suna ƙara karkata ga Linux, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar yadda Windows take yi, saboda kyauta ce kuma ba ta da nauyi. Linus Torvalds ne ya fara ta a ƙasar Finland a 1991, ita kuwa Ubuntu, wadda wani nau'in Linux ce, kamfanin Canonical ne ya fito da ita a 2004. To sai dai wata rana za a kunna karatu ko labarai a ji shiru. Abin da aka saba yi shi ne a ruga kasuwa, a ce direban sauti, wato ƙaramar manhajar da ke sarrafa na'urar sautin kwamfuta, ya lalace, a goge komai a zuba sabuwar manhaja. Wannan asara ce ta kuɗi, wani lokaci har da ta hotuna da takardu, alhali sau da yawa matsalar ba ta wuce danna maɓalli ɗaya ba.

Hanyar da sauti yake bi

Sauti kamar ruwan famfo yake: kafin ya zo bakin famfo sai ya ratsa bututu da tanki, ko'ina kuma yana iya toshewa. Daga manhajar da kuka kunna, yana shiga hannun mai rarraba sauti. A da PulseAudio ke wannan aiki, amma daga Ubuntu 22.10 zuwa yau PipeWire ce. Daga nan ya sauka zuwa ALSA, wato tarin direbobin sauti da ke cikin zuciyar Linux (ainihin ɓangarenta da ke sarrafa na'urori), su ne suke magana da katin sauti, wato na'urar da ke samar da sauti a cikin kwamfuta, shi kuma ya aika wa sifika.

Ku riƙe wannan da kyau: a Linux, direbobin sauti suna zuwa ne tare da manhajar kanta. Ba a zuwa wani shafin intanet a sauko da su kamar yadda aka saba a Windows. Duk shafin da ya ce ku sauko da direban sauti na Ubuntu daga wurinsa, ku rabu da shi.

A fara daga waje

Ku duba maɓallin kashe sauti a saman allon rubutu, mai hoton sifika da aka soke. Ku cire duk wata waya da ke jone, ku kashe Bluetooth, domin kwamfuta takan ci gaba da aika sauti zuwa wata sifika da ke can wani ɗaki. Sannan ku buɗe Settings, ku shiga Sound, ku dubi wurin da aka rubuta Output Device. Idan an taɓa jona kwamfutar da talabijin, za ku iya tarar da HDMI a wurin. Sai ku mayar da shi Speakers.

Yanzu ku jona abin kunne. In kun ji sauti a kunne amma sifika shiru, to direba yana aiki, ku rubuta haka a littafinku. In ko'ina shiru ne, a ci gaba.

Tagar umarni da alsamixer

Nan ne ya kamata mu ɗan daɗe, don a nan ake warware yawancin matsalolin. Ku danna Ctrl da Alt da T a tare. Wata taga mai duhu za ta buɗe, sunanta Terminal. Kada ta ba ku tsoro. Umarnin da ke wannan sashe ba sa goge komai. Ku rubuta wannan da ƙananan baƙaƙe, ku danna Enter:

alsamixer

Za ku ga sanduna a tsaye. Idan sanda ɗaya tak kuka gani, ku danna F6 don zaɓen ainihin katin sauti, galibi mai suna HDA Intel PCH ko makamancinsa. A wasu kwamfutocin sai an haɗa da maɓallin Fn kafin F6 ya amsa. To ku dubi ƙasan kowace sanda, musamman Master da Speaker da Headphone. Inda aka rubuta MM, an toshe wannan hanya. Ku matsa kanta da kibiyar dama ko ta hagu, ku danna M, zai koma 00, wato ta buɗe. Da kibiyar sama ake ƙara ƙarfi.

Akwai wani wuri can gefen dama mai suna Auto-Mute Mode. Aikinsa shi ne kashe sifika idan an jona abin kunne. Ramin jona abin kunne na tsohuwar kwamfuta yakan cika da ƙura, balle da hunturu, har kwamfuta ta ɗauka akwai abu a ciki alhali babu. Wanda ya ji sauti a kunne ɗazu amma sifikarsa shiru, ya mayar da wannan wuri Disabled ya gwada. Ku fita da Esc, sannan ku rubuta:

speaker-test -c 2 -t wav

In an dace, za ku ji murya tana kiran hagu da dama da Turanci. Ctrl da C ne suke tsayar da ita. Idan kuma gyaran yana warwarewa duk sanda aka kashe kwamfuta, ku adana shi da sudo alsactl store. Duk umarnin da ya fara da sudo zai nemi kalmar sirri, kuma ba za ku ga abin da kuke rubutawa ba, ko ɗigo. Haka aka yi shi. Ku rubuta kawai ku danna Enter.

Idan aka ga Dummy Output

Wani lokaci a cikin Settings babu Speakers babu komai, sai Dummy Output. Ma'anarsa mai rarraba sauti bai ga kati ko ɗaya ba. Sai mu tambayi ALSA ko ita ta gani:

aplay -l

Baƙin ƙarshe ƙaramin L ne, ba lamba 1 ba. Idan ta jero kati, direba lafiyarsa lau, mai rarrabawa ne ya rikice. A sababbin Ubuntu ana tashinsa da wannan:

systemctl --user restart pipewire pipewire-pulse wireplumber

A tsofaffi masu PulseAudio kuwa, pulseaudio -k ya wadatar. Wanda bai san wanne ne a kwamfutarsa ba, ya rubuta pactl info, ya karanta layin Server Name.

Amma idan amsar ta ce ba a sami katin sauti ba, to yanzu kam mun iso ga direba. Ku rubuta lspci, ku nemi layin da ke da kalmar Audio, ku kwafe shi a littafi harafi da harafi. Wannan layi ne sunan katinku. Sababbin kwamfutocin Intel da yawa suna bukatar ƙarin wata ƙaramar manhaja kafin direba ya tashi. Da intanet a jone, ku rubuta sudo apt update, in ta gama ku bi da:

sudo apt install firmware-sof-signed

Sai a kashe kwamfuta a kunna.

Ku tambayi kanku kuma: yaushe sautin ya ɗauke? In jiya yana nan, yau bayan sabuntawa ya tafi, mai yiwuwa sabuwar zuciyar Linux ce ba ta jitu da katinku ba. Ubuntu tana ajiye tsohuwar zuciyar. Yayin kunnawa ku riƙe Shift, a wasu kwamfutocin Esc ake dannawa, ku zaɓi Advanced options for Ubuntu, ku ɗauki wadda lambarta ta fi ƙanƙanta, amma ba mai recovery mode ba. Masu Windows da Ubuntu a kwamfuta ɗaya kuma, su shiga Windows su kashe tsarin Fast Startup, don yakan bar katin sauti a wani hali da Linux ba ta iya tashinsa.

Wata shawara daga gare ni: a intanet za ku ci karo da dogayen umarni da ake cewa a kwafa a liƙa, wasu na cire ALSA ko PipeWire gaba ɗaya. Da yawansu an rubuta su ne shekaru da suka wuce, don wata kwamfuta daban. Kada ku rubuta umarni mai remove ko purge sai wanda ya sani yana kusa da ku. Kuma ku riƙa canja abu ɗaya ɗaya, kuna gwadawa, kuna rubuta abin da kuka taɓa.

Lokacin zuwa wurin mai gyara

Idan sauti na fita ta abin kunne, alsamixer duk a buɗe, sifika kuma shiru ko tana ƙara kamar ta tsage, to galibi sifikar ce ko wayarta. Wannan aikin sukurdireba ne, babu umarnin da zai gyara. Ku tafi da littafinku, ku nuna wa mai gyara abin da kuka gwada, ku kuma gaya masa ba ku yarda a goge manhaja ba. Kafin ku miƙa, ku kwashe takardunku a filashi. Idan katin ne ya mutu ɗungurungum, akwai ƙaramin katin sauti da ake jonawa ta USB, galibi Linux na gane shi nan take.

Aikin aji

Ku zauna biyu biyu. Ɗaya ya buɗe alsamixer ya toshe wata hanya da M, ko ya canja Output Device, ɗayan ya juya baya. Sai shi kuma ya nemo matsalar, yana faɗin kowane mataki da baki kafin ya taɓa. In ya gano, a yi musanya. A gida kuma kowa ya rubuto sunan katin sautin kwamfutarsa, da abin da layin Server Name ya nuna, ya kawo aji na gaba.