Darasi na Bakwai: Tarin Fuka da Ɗan'uwanmu da ke Tsare

Gidan yarin Kurmawa yana cikin birnin Kano, kusa da gidan Sarki, an gina shi tun 1910. Akwai kuma na Goron Dutse. Daga 2019 sunansu a hukumance gidajen gyaran hali. Yawancin mutanen da ke ciki masu jiran shari'a ne, yau ko gobe wani zai samu beli ya dawo unguwa. Gandirebobi kuwa kullum sai sun koma cikin iyalinsu. Don haka cutar da ta kama a kurkuku tana iya kwana a gidan kowa.

Wadda ta fi ban tsoro ita ce tarin fuka, wato tibi. Ta iska take bi. Mai ita ya yi tari, na kusa ya shaƙa. To ku duba ɗakin da mutane suka cunkushe, taga ƙarama, ga zafin bazara irin na Kano, ga abinci ba ya isa. Ƙazuwa da amai da gudawa ma suna son irin wannan wuri.

Idan kun je ziyara, kada gaisuwa da kukan zuci su cinye lokacin. Ku tambayi ɗan'uwan naku: "Yaya, kana tari? Tun yaushe?" Tarin da ya kai mako biyu, da zufar dare, da zazzaɓi, da rama, duk alamu ne. Ya faɗa wa ma'aikacin lafiya na gidan, ku ma ku faɗa, cikin ladabi, a nemi gwajin kaki. Ku kai masa sabulu idan an yarda. Mutane kan tuna da tuwo su manta da shi.

Gwaji da maganin tibi kyauta ne a asibitocin gwamnati, kamar Asibitin Zana. Wata 6 ake sha, kullum. Inda aka fi yin ɓarna shi ne ranar sallama: mutum ya fito, ana ta barka, ya ji sauƙi, ya ajiye magani. Sai cutar ta dawo da taurin kai, maganin farko ya daina cin ta. Don haka lallai ya fito da katin maganinsa, a raka shi asibiti a makon. Yaran gidan ma a duba su.

Aiki: Ku rubuta alamu 3 na tarin fuka. Wata nawa ake shan magani?