Yadda na gyara fentin da ke ɓarewa a tsohon gidanmu

Wata biyu kacal da yin sabon fenti, sai ga bangon falo yana ɓarewa kamar ɓawon albasa. Da farko na ɗora laifin a kan danshi, na duba rufi da bututun ruwa, ko ɗigo babu.

Ashe fentin ruwa na shafa a kan tsohon fentin mai, shi kuwa santsi gare shi, ba ya riƙe komai. Gane shi ba wuya: jiƙa auduga da sifirit ka goga. In launi ya biyo audugar, na ruwa ne. In bai biyo ba, na mai ne. Tsohon fentin bangona ko gezau.

Na kankare duk abin da ya saki, na wanke bangon da sabulu, na goge da sanfefa a jiƙe, da takunkumi a hanci, domin tsohon fenti kan ƙunshi gubar dalma. A Amurka ma sai 1978 aka hana fenti mai dalma a gidaje. Na cike tsagogi, na shafa fentin share fage mai kama santsi, na bar shi ya kwana, sannan na yi shafi biyu marasa kauri.

Shekara guda ke nan, ko farce bai ɗaga shi.