Ga masu jinyar mai wankin ƙoda

Salam 'yan uwa. Shekara 3 kenan Umma tana wankin ƙoda sau 2 a sati, wallahi abin da ya fi cin ranta sallah ce ta wuce ta tana kan inji awa 4. Yanzu ɗan dutsen taimama muke sa mata a jaka, in la'asar ta riske ta a gado sai ta yi taimama ta yi sallarta da ishara, ai Manzon Allah (SAW) ya ce wa Imrana ɗan Husaini ya yi a tsaye, in ya kasa a zaune, in ya kasa a kishingiɗe. Addu'ar Annabi Ayyuba kuma, Suratul Anbiya aya 83, kullum tana bakinta. Masu zuwa dubiya dan Allah ku daina ce mata ko sammu ne, ranar kwana take tana kuka.