Yadda za ku karrama masu tsaya wa 'yancin magana a jami'a

Duk ƙarshen zangon karatu ƙungiyoyin ɗalibai a Samaru da Kongo, harabobin Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) Zariya, sai sun raba awad, kuma kowa ya san su wa ke karɓa, honarabul ne ko alhajin da ya biya kuɗin holo da lemo. Wanda ya saka aikinsa a haɗari don wani ya samu bakin magana, shi ko katin gayyata ba ya samu. To in ƙungiyarku, ta ɗalibai ce ko ta tsofaffin ɗalibai ko ta unguwa, na son gyara wannan, ga yadda nake ganin za a bi.

Ku fara da sanin wa kuke nema, don nan ake ɓata abin tun farko. Mai yawan surutu a Facebook daban, mai kare 'yancin magana daban. Tambaya biyu kawai za ku yi a kan duk sunan da aka kawo: me tsayuwar ta ja masa, kuma ya taɓa tsaya wa wanda ra'ayinsu bai zo ɗaya ba? Ta biyun ce mai wuya wallahi, don kowa jarumi ne in ɗan ƙungiyarsu ko ɗan jam'iyyarsu aka taɓa. Amma lakcaran da ya miƙe a kwamitin ladabtarwa ya ce ba za a kori yaro kan rubutun da ya yi ba alhali shi lakcaran ne aka soka a rubutun, ko shugaban sashen da ya ƙi hana ɗalibar digiri na biyu taken bincikenta duk da an bugo masa waya daga sama, ko ma'aikacin laburare da ya ƙi ɓoye littafi, irin waɗannan nake nufi, kuma yawancinsu ba sa talla, sai kun bi su kun tono.

Ma'aunin ma a gida yake, ba sai an je Amurka aro ba. A garin nan na Zariya Hajiya Gambo Sawaba ta zauna, an sha ɗaure ta saboda jam'iyyar NEPU, yau sunanta ne a babban asibitin Ƙofar Gayan. Bayan kashe ɗalibai a ABU ranar 23 ga Mayu 1986, zargin da aka jefi malamai da shi shi ne wai suna koyar da abin da ba a biya su su koyar ba, ka ji fa. A 1988 gwamnatin Babangida ta ɗauke Dakta Patrick Wilmot na sashen nazarin zamantakewa ta fitar da shi daga ƙasar, a shekarar kuma ta haramta ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i. Su Dakta Bala Usman da Dakta Mahmud Tukur, malaman tarihi a ABU, duk a wannan yanayi suka yi aiki. Ku zauna da 'yan kwamitinku ku karanta wannan tarihi kafin ku zaɓi kowa, in ba haka ba duk wanda ya zagi gwamna sau ɗaya zai zame muku gwarzo.

Kwamitin zaɓe ya zama ƙarami, a sa mace, a sa ɗalibi, a sa wanda ba malami ba, kar a cika shi da 'yan ra'ayi ɗaya. Duk wanda zai kawo suna ya kawo hujja, takardar tuhuma (kwari) da aka ba mutumin a wurin aiki ko rubutun da ya buga ko shaidu biyu da suka ga abin, ban da "an ce". Sai doka guda da ba sassauci: wanda ya ba da gudummawar kuɗi ba ya cikin masu karɓa, kuma ba ya zaɓa.

Kafin ku buga sunan kowa a fasta, ku je ku same shi ku nemi izini. Wannan dan Allah kar a yi wasa da shi. Ƙaramin lakcara da ba a tabbatar da shi a aiki ba, ko ɗalibin da furojet ɗinsa ke hannun wanda ya yi wa gardama, yabonku a bainar jama'a zai iya zame masa bala'i. In ya ce a jira sai ya gama, a jira. In ya ce a ba shi a ɗaki mutum biyar, haka za a yi.

Abin da za a ba shi kuma, allon katako da satifiket ba laifi, amma ba sa biyan kuɗin haya. Wanda aka dakatar albashi yake nema, wanda aka kama lauya da beli yake nema. Malamai 49 da Jami'ar Ilorin ta kora a 2001 sai 2009 Kotun Ƙoli ta mayar da su, ku lissafa shekarun nan da iyali da kuɗin makarantar yara. Saboda haka rabin kuɗin da za ku kashe a abinci da kanofi ku mayar asusun ko-ta-kwana, ku kuma nemo lauya ɗaya ko biyu cikin tsofaffin ɗaliban Kongo, inda ake karatun lauya, da za su yarda a kira su ko da tsakar dare. Su riƙa tuna wa mutane sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 da ya ba kowa damar faɗin ra'ayinsa, su kuma yi bayanin sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka sha kama masu rubutu da shi har aka yi masa kwaskwarima a 2024. Su faɗa wa yara gaskiya ma, ƙazafi da ɓata suna ba sa cikin abin da ake karewa.

Ranar taro, 3 ga Mayu ta dace tunda ita ce ranar 'yancin 'yan jarida ta duniya, ko 23 ga Mayu saboda tarihinmu. A rage kirarin manyan baƙi, a karanta dalilin karramawar dalla-dalla, a ba gwarzon makirfo, sannan a bar 'yan holo su yi masa tambaya har da masu ja da shi. In ma da hali a gayyato ɓangaren da ya yi saɓani da su, su zo su faɗi nasu.

Bayan an watse a rubuta komai, jawabi da hujjoji da hotuna, a ɗaure a kai kwafi laburaren Kashim Ibrahim na ABU, wani kwafin a miƙa wa sabbin shugabannin ƙungiya tare da lambar asusun da sunayen lauyoyin, sannan a ɗora wa mutum ɗaya alhakin leƙa gwarzon bayan wata uku a ji ko an fara matsa masa a ofis.