Yadda Jami'o'i Biyu Za Su Koyar da Kwas Ɗaya Tare

Da farko, shugabannin sassan da ke koyar da kwas ɗin a jami'o'in biyu su zauna su kwatanta manhajojinsu darasi bayan darasi. Manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a 2022 ta tsara kashi 70 cikin ɗari na darussa, ta bar wa kowace jami'a kashi 30, kuma a wannan gurbin ne haɗin gwiwa ya fi sauƙi.

Daga nan sai a rubuta yarjejeniyar da majalisar dattawan kowace jami'a, wato majalisar da ke kula da harkokin karatu, za ta amince da ita. A ganina nan ne ya kamata a fi natsuwa, domin dole takardar ta fayyace wanda zai tsara jarrabawa, da wanda zai duba ta, da yadda makin da ɗalibin Kano ya samu wurin malamin Zariya zai shiga takardar sakamakonsa ba tare da ya yi ta zarya tsakanin ofisoshi ba.

Idan ta intanet za a koyar, a naɗi kowace lacca a ajiye, saboda ɗalibin da wuta ta ɗauke masa ya saurare ta da daddare a wayarsa. A kuma daidaita kalandar zangon karatu tun kafin a buɗe rajista.